Kafin ka shiga kwarurukan Yorkshire

Da yawa daga cikin ɗalibanmu da ma'aikatanmu da ke zaune a Leeds ko Bradford ko Manchester sukan gama shekarunsu su dawo gida ba su san cewa tafiyar awa ɗaya ko biyu a jirgin ƙasa ce tsakaninsu da wata Ingila ta daban ba. Ingilar da babu dogayen benaye, babu cunkoso, tumaki sun ninka mutane sau da yawa, kuma har gobe ranar kasuwa ce babbar rana a mako. Wannan yanki shi ne Yorkshire Dales, a arewacin ƙasar: jerin kwaruruka da koguna suka ratsa, tuddai marasa itace a samansu, da ƙananan garuruwan kasuwa a bakin kowane kwari. Kusan kowane kwari sunan koginsa yake ɗauka. Swaledale na Kogin Swale ne, Wharfedale na Kogin Wharfe, Ribblesdale na Ribble. Wensleydale ce ta saɓa, don ita sunan wani ƙauye ta ci, koginta kuwa Ure ake ce masa.

A 1954 gwamnati ta ayyana yankin a matsayin gandun ƙasa, a 2016 kuma aka faɗaɗa shi har ya kai murabba'in kilomita 2,179. A nan ne baƙo ya fi yin kuskuren fahimta. Wanda ya ji an ce gandu zai zaci daji ne na hukuma, mai shinge da ƙofa da masu gadi da kuɗin shiga. Ko ɗaya babu. Fiye da kashi 95 cikin ɗari na ƙasar mallakar mutane ce, manoma da masu manyan filaye, kuma mutum wajen 24,000 ne ke kwana su tashi a cikinta. Korayen filayen da za ka ɗauka hoto gonar wani ce, ciyawar da ke ƙarƙashin takalminka kuma abincin dabbobinsa ne na lokacin sanyi. Kusan duk wani abu da ke burge ido a Dales hannun manomi da bakin tunkiya ne suka yi shi, kuma wanda ya riƙe wannan a ransa ba zai sha wahalar gane sauran ƙa'idojin wurin ba.

Katangun dutse su ne farkon abin da ido ke kamawa. Sun tashi daga bakin kogi sun hau tudu ɗoɗar, wasu har inda mutum ke haki kafin ya kai, kuma an ƙiyasta tsawonsu gaba ɗaya ya kai kilomita 8,000. Babu siminti a cikinsu, babu laka. Magini kan jera duwatsu sahu biyu, faffaɗa a gindi, yana tsukewa yana hawa. Ya cike tsakiya da tsakuwa. Nan da can ya gitta wani dogon dutse da zai ɗaure sahun biyu. A ƙarshe ya kafa duwatsu a tsaye a bisa kai. Mita ɗaya na katanga yakan ci kusan tan ɗaya na dutse. Yawancinsu an gina su ne a ƙarni na 18 da na 19, lokacin da dokokin majalisa suka raba filayen kiwo na kowa da kowa zuwa mallakar ɗaiɗaikun mutane. Idan ka lura za ka ga ƙananan ƙofofi a gindin wasu, daidai tsayin tunkiya, don garke ya wuce ba tare da saniya ta bi ba. Kada ka hau katanga don yanke hanya. Dutse ɗaya da ya zame yana iya janyo wani sashe ya rushe, gyaran kuwa aikin yini ne a kan wanda ba shi ya ɓata ba. An tanadi matakala ko 'yar tsaga a duk inda turba ta haɗu da katanga. Ƙofar gona kuma, yadda ka same ta haka za ka bar ta: rufaffiya ka rufe, buɗaɗɗiya ka bari, don mai yiwuwa da gangan aka buɗe saboda dabbobi su kai ga ruwa.

A tsakiyar filayen akwai ƙananan rumbunan dutse sama da 6,000, kowanne shi kaɗai nesa da gida. Hikimarsu mai sauƙi ce. A da, maimakon a yi dakon ingirici zuwa gida, sai a yanke shi a zuba a saman rumbun da ke cikin filin, a ɗaure shanu huɗu ko biyar a ƙasa tun daga Nuwamba har Mayu, takinsu kuma a watsa shi a wannan filin. Manomi ne ke zagayawa safe da yamma, cikin sanyi da duhu. Yanzu tarakta ta kawar da wannan aiki, rumbuna da yawa suna rushewa. Inda aka fi ganinsu da kyau shi ne saman Swaledale, tsakanin Gunnerside da Muker da Keld. A Muker ɗin ne kuma ake samun filayen ingirici irin na da, waɗanda ba a zuba musu takin zamani, shi ya sa a watan Yuni suke cika da furanni iri-iri kafin a yanke a Yuli. An shimfiɗa duwatsu a tsakiyarsu, an kuma rubuta roƙo a bakin ƙofa cewa a bi layi ɗaya, mutum bayan mutum. Roƙon na gaskiya ne. Abin da aka tattake ba ya yankuwa.

Ita tunkiyar da ta yi duk wannan, hotonta ne tambarin gandun: irin Swaledale, mai baƙar fuska da farin hanci da ƙaho murɗaɗɗe. Ba ta da girma, gashinta kuma kaushi ne da shi har kuɗinsa ba ya biyan ladan mai sausaya. Darajarta a juriya take. Tana kwana a saman tudu cikin iska da ƙanƙara, ta haihu, ta shayar. Abin da ya fi ba ni sha'awa game da ita shi ne yadda take riƙe wurin kiwonta. A saman tuddai babu shinge, garkunan gidaje da yawa ne ke kiwo a fili ɗaya, amma kowane garke ya san iyakarsa, ba makiyayi a bayansa. Uwa ce ke nuna wa 'yarta inda ake ci, inda ake sha, inda ake fakewa in iska ta taso, ita ma ta nuna wa tata. Saboda haka idan an sayar da irin wannan gona, da garkenta ake sayarwa. Wannan ne ya sa annobar cutar baki da kofato ta 2001, wadda ta sa aka hallaka dabbobi sama da miliyan 6 a Birtaniya kuma ta yi ɓarna sosai a kewayen Settle da Malham, ta fi asarar kuɗi zafi ga makiyayan tudu. Ana iya sayo sababbin tumaki, amma sanin wuri sai an ɗauki shekaru ana koya musu.

Idan kana da yini ɗaya rak, shawarata ka daidaita shi da ranar kasuwa. Settle da Hawes Talata suke ci, Leyburn da Reeth Juma'a, Richmond Asabar, Skipton kuwa sau huɗu a mako: Litinin, Laraba, Juma'a da Asabar. Waɗannan ranaku ba jiya aka sa su ba. Settle tun 1249 ta samu takardar izinin cin kasuwa daga sarki. Rumfunan kan titi na kayan lambu da cuku da zuma da safa suna da daɗin zagayawa, amma a garin da ke da kara, wato kasuwar dabbobi da ke gefen gari, nan zuciyar garin take. Wanda ya san karar Wudil ko ta Potiskum zai gane warin wurin da hayaniyarsa tun daga nesa, sai dai ciniki a nan ba na raɗa tsakanin dillali da mai saye ba ne, gwanjo ake yi a bainar jama'a. Akwai wani zagayayyen fili a cikin ɗaki, an zuba masa dusar katako, kujeru sun kewaye shi hawa-hawa. A buɗe ƙofa a koro tumaki goma ko ashirin, mai su yana tsakiya da sandarsa yana juya su don a gani. Mai gwanjo yana sama yana zuba farashi da saurin da baƙo ba zai tsinci komai ba. Masu saye sun jingina da ƙarfen shinge, fuska ba yabo ba fallasa. Wani ya ɗaga yatsa, wani ya ɗan gyaɗa kai, wani gira kawai zai motsa. Kafin minti ɗaya an buga sanda, an kore su ta ɗaya ƙofar, wasu sun shigo. Bayan an sallama, mai sayarwa yakan danƙa wa mai saye ɗan kuɗi a hannu don fatan albarka, al'ada ce tsohuwa da har yanzu ake yi. Ba a hana baƙo zama ya kalla. Ka dai tsare hannunka, ka kuma nemi izini kafin ka ɗauki hoton fuskar mutum.

Kaka ce lokacin manyan kasuwanni. A Satumba Hawes kan cika da dubban 'yan tumaki mata, waɗanda aka samu ta hanyar barbarar tunkiyar Swaledale da ragon Bluefaced Leicester. Manoman ƙasan kwari da na kudancin Ingila ke zuwa saye don su zama iyayen garkunansu. A Oktoba sai kasuwar raguna, inda ake nuna gwaninta, har a 2002 an sayar da ragon Swaledale ɗaya fam 101,000 a Kirkby Stephen. Kada wannan adadi ya ruɗe ka. Yawancin makiyayan tudu da ƙyar suke maida uwar kuɗi, tallafin gwamnati ne ya daɗe yana riƙe da su, kuma tun bayan ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai ake janye tsohon tsarin tallafin a hankali ana maye shi da wanda ke biyan manomi don kula da muhalli.

Arzikin tumaki a nan ya girmi ƙasashe da yawa. Sufayen Kirista na gidan ibadar Fountains, wanda aka kafa a 1132, da na Jervaulx da Bolton, su suka mayar da tuddan nan manyan wuraren kiwo suna sayar da ulu har Turai, kafin Sarki Henry na Takwas ya rushe gidajen ibadarsu tsakanin 1536 da 1540. Kangayen suna nan ana ziyarta. Daga wurinsu aka gaji cukun Wensleydale, wanda har yau ake yi a Hawes. A 1992 an rufe masana'antar, tsofaffin manajojinta suka saye ta suka sake buɗewa cikin shekarar. Akwai kuma zamanin haƙar darma a Swaledale, da ya durƙushe a shekarun 1880 sa'ad da darma mai araha ta shigo daga Sifaniya, mutane suka watse zuwa masaƙun Lancashire da Amurka. Wanda ya bi rafin Gunnerside sama zai ga kufan ma'aikatun da tsibin tsakuwar da har yanzu ciyawa ba ta rufe ba.

Da ka wuce katanga ta ƙarshe, ka shiga saman tudu, inda ƙasa ke komawa baƙa mai laushi mai riƙe ruwa, wadda ta samu daga ruɓaɓɓen gansakuka na dubban shekaru. Wani gajeren tsiro da ake kira heda ne ya rufe ta, a watan Agusta kuma yakan yi fure ya mayar da tudu gaba ɗaya shuɗi mai ja-ja. Nan ma ba dajin Allah ba ne. Masu filayen suna kula da shi ne saboda wata tsuntsuwa mai kama da fakara da attajirai ke biyan kuɗi mai yawa su harba, daga 12 ga Agusta zuwa 10 ga Disamba. Akan ƙone hedar sashe-sashe don ta yi sabon toho, abin da ake ta jayayya a kansa, domin masu kare muhalli na cewa ƙunar na lalata baƙar ƙasar da ke riƙe ruwa da iskar kabon, masu gadin filayen kuma na cewa aikinsu ne ke kare tsuntsaye masu ƙwai a ƙasa. Wata doka ta shekarar 2000 ta ba jama'a izinin yawo a ƙafa a yawancin waɗannan tuddai ko da babu turba, amma mai fili na iya rufewa na wasu kwanaki, don haka a karanta allon da ke bakin shiga. Ba a kunna wuta, ba a kafa tanti a kwana sai da izinin mai wuri. A ƙasan kwari kuwa turba kawai doka ta ba ka: kibiya rawaya ta masu ƙafa ce, shuɗiya ta haɗa da masu doki da keke.

Yanayi shi ne abin da nake so kowa ya ji tsoro. Tsaunukan ba su da tsayin a zo a gani: Whernside mita 736, Ingleborough 723, Pen-y-ghent 694. Ƙanƙantar nan ce ke yaudarar mutane. Kana iya barin Settle cikin rana da riga ɗaya, ka kai sama ka tarar da hazo ya rufe har ba ka ganin taku goma, iska na neman kayar da kai, ruwa na dukanka ta gefe. Sanyi na ƙaruwa da kusan digiri ɗaya a kowace mita 150 da ka hau, jiƙaƙƙen jiki cikin iska kuma yana iya kashe mutum ko a watan Yuni. Ka sa takalmi mai kama ƙasa, ka ɗauki rigar ruwa da rigar sanyi ko da gari garau yake, ka bar wandon jins a gida don in ya jiƙe ba ya bushewa. Waya na rasa sabis a kwaruruka da yawa, saboda haka taswirar takarda ta Ordnance Survey ba tsohon yayi ba ce. Ka gaya wa wani inda za ka da lokacin da za ka dawo. In abu ya faru, 999 za ka kira, ka nemi 'yan sanda, ka ce masu ceto na tsauni kake so. 'Yan sa-kai ne. Ƙungiyarsu da ke Clapham tun 1935 take wannan aiki kyauta. A Nuwamban 2021 dusar ƙanƙara ta tsare mutum wajen 60 kwana uku a masaukin Tan Hill, mai tsayin mita 528, a Yulin 2019 kuma ruwan sama na 'yan sa'o'i ya cinye gada a kusa da Grinton.

Akwai gasar zagaye tsaunukan nan uku, kusan kilomita 39 cikin awa 12, kuma matasa na sonta. Ba na ba sabon zuwa shawarar ya fara da ita. Ka fara da Malham: daga ƙauyen, tafiyar ƙasa da rabin awa za ta kai ka gindin wani bangon farin dutse mai lanƙwasa, tsayinsa mita 80, da matakala a gefe zuwa sama inda ruwa ya tsattsaga dutsen gida-gida. Ko Aysgarth, inda Kogin Ure ke gangarowa hawa uku. Wuri ɗaya ne zan ja kunne a kansa da babbar murya. A dajin Bolton Abbey akwai inda faffaɗan Kogin Wharfe ke matsewa cikin tsagar dutse har ka ga kamar taku ɗaya zai tsallakar da kai. Strid ake kiran wurin. Ruwan ya yi zurfi ya kuma rarake ƙarƙashin duwatsun, gefen yana da santsi, kuma ya ci rayuka da dama. A kalle shi daga nesa, a riƙe hannun yara. Haka nan saniya mai ɗan maraƙi, a ba ta hanya. Bayan yawo cikin doguwar ciyawa kuma a duba jiki saboda kaska, don wasu na ɗauke da cuta.

Hanyar shiga mafi daɗi jirgin ƙasa ce. Daga Leeds zuwa Skipton kusan minti 40 ne, zuwa Settle kimanin awa ɗaya. Daga nan layin Settle zuwa Carlisle ya fara, wanda aka buɗe wa fasinja a 1876, ya bi ta kan gadar Ribblehead mai baka 24 da tsawon mita 400. Leburorin da suka gina ta sun zauna a bukkoki a fili da iyalansu, haɗari da cutar agana suka kashe da yawa, an binne su a ƙaramin cocin Chapel-le-Dale. A shekarun 1980 an so rufe layin, jama'a suka tashi tsaye, aka fasa a 1989. Ka lura wasu tashoshin nesa suke da garuruwan da suka ci sunansu: ta Dent ta fi kilomita 6 daga ƙauyen, kuma hawa ne sosai in za ka dawo. Daga tashar Garsdale akwai ƙaramar bas ta al'umma zuwa Hawes. Motocin haya kaɗan ne, wasu Lahadi kawai suke aiki, don haka ka san lokacin ta ƙarshe kafin ka sauka daga ta farko. Mai tuƙi kuma ya sani hanyoyi da yawa faɗin mota ɗaya ne tsakanin katangu biyu. An bar wuraren kaucewa, ba na ajiye mota ba ne, tumaki kuma kan kwanta a kan kwalta. Kwari ɗaya ya ishe ka yini. Taswira na nuna Wensleydale da Swaledale dab da juna, amma tsauni ne a tsakaninsu.

Musulmi ya yi guzurinsa tun daga Bradford ko Keighley ko Leeds, don naman halal da masallaci wuya suke yi da zarar an nutsa cikin kwaruruka. A ƙauye da yawa mashaya ce kaɗai wurin cin abinci mai zafi da dare. Wanda ba ya son shiga ya nemi shagon shayi, amma su da wuri suke rufewa, wajen ƙarfe huɗu ko biyar. Ka tambayi mai soya kifi da me ya soya, domin a Yorkshire da yawa da kitsen shanu suke yi, wasu kuma na kwaɓa fulawar da giya. A karin kumallon masauki akan haɗa da naman alade, amma in ka faɗa tun da dare za a ba ka ƙwai da wake da tumatir ba tare da wata damuwa ba. Lokutan salla na bin kakar shekara: a Yuni rana ba ta faɗuwa sai kusan goma saura na dare, a Disamba kuwa kafin ƙarfe huɗu magariba ta yi, wanda ke nufin mai yawon sanyi ya sauko daga tudu tun la'asar. Za ka iya zama kai kaɗai ne baƙar fata a ƙauyen, wani ya ɗan kalle ka. Ka yi gaisuwa. A kan turba kowa na gaida kowa. Wanda bai son tafiya shi kaɗai, akwai ƙungiyoyi irin su Muslim Hikers, wadda Haroon Mota ya kafa, da ke shirya fita rukuni-rukuni.

Kuɗin da za ka kashe ma yana da inda ya fi amfani. Masu hali daga birane sun saye gidaje da yawa a ƙauyukan nan don hutu, farashi ya fi ƙarfin 'ya'yan wurin, matasa na ƙaura, wasu makarantun firamare sun rufe don rashin yara. Ayarin da ya zo da abincinsa a but, ya toshe ƙofar gona da mota, ya bar leda ya tafi, nauyi kawai ya ƙara musu. Ban da naman da ka taho da shi, sayi burodinka da cukunka da madararka a shagon ƙauye, ka biya kuɗin ajiye mota a filin hukumar gandun, in da hali ka kwana a gidan manomi mai karɓar baƙi. A bakin wasu gonaki za ka ga akwati da ƙwai ko zuma ko kek, an rubuta farashi, ba kowa a wurin, sai gwangwanin zuba kuɗi. Ka riƙe 'yan silalla saboda irin wannan, don ba kowane akwati ke karɓar kati ba.